Abin da garkuwar jiki ke yi idan mura ta shiga, da lokacin da ya kamata a damu

Wani malamin makarantar firamare da ke zaune a unguwar Pantami, cikin garin Gombe, ya aiko da wannan tambaya: "Likita, tun da hunturu ya kama ba a rabu da mura a gidana ba. Ɗana ɗan shekara huɗu ya yi ta sau uku cikin wata biyu, kuma duk lokacin da majinarsa ta koma koriya nakan je kemis in sayo masa amoksisilin na ruwa. Mahaifina kuma, wanda ya haura shekara saba'in, mura ta kama shi ta sake shi, amma tari ya ƙi barinsa yau mako uku ke nan. Shin garkuwar jikinsu ce ta yi rauni? Me jiki yake yi ne idan mura ta shige shi?"

Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya raya yaron. Daga abin da ka bayyana ban ga alamar raunin garkuwa a wajen ɗanka ba, tarin Baba kuwa yana buƙatar gwaji ɗaya da zan ambata a gaba. Amma kafin nan ina so ka riƙe abu guda, domin a kansa sauran bayanin ya rataya: yawancin abin da muke kira ciwon mura, wato zazzaɓi da majina da toshewar hanci da ciwon gaɓoɓi, aikin garkuwar jiki ne da kanta, kuma wannan aiki yana da kwanakinsa waɗanda babu wani kafso da zai gajarta su.

Ƙwayoyin cutar da ke haddasa mura a kimiyyance ana kiran su bairos, kuma sun sha bamban da bakteriya. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa, tana da bango da kayan aikin da magungunan antibayotik irin su amoksisilin ke rusawa. Bairos kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗan ƙunshin umarni ne kawai a cikin kwanso, wanda ba ya iya komai sai ya shiga cikin ɗaya daga ƙananan ƙwayoyin da aka gina jikinmu da su, ya karɓe ragamarta, ya sa ta buga masa ɗaruruwa ko dubban irinsa. Murar infuluwenza takan kammala wannan zagaye cikin kimanin awa 6 zuwa 8. Kuma bairos ɗin da ke sa mura ba iri ɗaya ba ne. Rainobairos, wadda ta fi kowace haddasa mura, tana da nau'i fiye da 150. Ga infuluwenza, ga RSV mai wahalar da jarirai, ga adenobairos, ga dangin korona guda huɗu da suka daɗe suna sa mutane mura tun kafin a san da wadda ta ɓulla a 2019.

Babban mutum yakan shaƙi iska kimanin lita 10,000 a yini, kuma a watannin hazo kowa a Gombe ya san abin da ke cikin wannan iska, tunda mai mota sai ya share gilashi sau biyu kafin azahar. Abin da ya fara tarbar ƙwayar cuta shi ne majina, wadda mutane ke ƙyama alhali tana cikin manyan ni'imomin da aka yi wa hanci. Daga hanci har zuwa ƙananan bututun huhu akwai shimfiɗar majina mai danƙo, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu gasu ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, suna kaɗawa fiye da sau goma a cikin daƙiƙa guda, suna tura majinar da duk abin da ya maƙale a jikinta zuwa maƙogwaro, inda muke haɗiye ta ba tare da mun sani ba, ruwan ciki ya ƙone abin da ta ɗauko. Busasshiyar iskar hunturu tana kafar da wannan majina, tana rage wa gasun kuzari. Hayaƙin itace a madafa, da kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa da taga, da maganin sauro na ƙonawa, da taba sigari, duk suna yi musu irin wannan lahani. Idan ka haɗa da yadda sanyi ke tara mutane a ɗaki ɗaya, ka ga dalilin da ya sa layin masu tari ke tsawo a asibitocinmu daga Disamba zuwa Fabrairu.

A nan zan yi wa iyayenmu adalci. Shekaru da yawa likitoci na yi wa maganar "sanyi ne ya kama shi" dariya, suna cewa ƙwayar cuta ce ke sa mura. Gaskiya ne sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura idan babu bairos, amma an daɗe da sanin cewa rainobairos ta fi hayayyafa a zafin digiri 33 zuwa 35, wato irin zafin cikin hanci, fiye da digiri 37 na cikin huhu, kuma a 2015 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna a ɗakin gwaji cewa ƙwayoyin hanyar numfashi ba sa kai kukan farko da ƙarfi idan sun yi sanyi. Saboda haka tsohuwar da ke cewa a rufe wa yaro kai da hanci da asuba ba ta yi kuskure ba.

Wannan kukan farko shi ne zuciyar al'amarin, kuma a kansa zan ɗan tsaya. Kowace ƙwaya ta bangon hanci tana da na'urorin da ke gane cewa baƙon umarni ya shigo cikinta. Da zarar ta gane, sai ta saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957 suna aiki a kan infuluwenza. Intaferon ba ya kashe bairos da kansa. Aikinsa kamar na mutumin da ɓarawo ya haura gidansa da dare ne, ya ƙwala ihu, ko da shi bai tsira ba maƙwabta sun farka, kowa ya danna sakata ya ɗauki sanda. Ƙwayoyin da ke kewaye sukan rage buga sababbin kaya, su kunna ɗaruruwan hanyoyin lalata umarnin baƙo, wasu ma su kashe kansu don kada a yi amfani da su. Duk wannan yana faruwa ne cikin awoyi, kafin mutum ya yi atishawar farko, kuma sau da yawa a nan maganar ke mutuwa: bairos ta shiga, an murƙushe ta, mai jikin bai ma san an yi ba. Shi ya sa za ka ga mutum biyar a ɗaki guda, uku su kwanta, biyu su tashi garau.

Kowace bairos da ta yi suna tana da dabarar toshe bakin mai ihun, kuma ita korona ta 2019 ta ƙware a wannan. A 2020 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Jean-Laurent Casanova ta gano cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na waɗanda korona ta kai su gargara suna ɗauke da wasu sinadarai a jininsu da ke kashe intaferon ɗin kansu, kuma mafi yawansu maza ne. Ma'ana, a wajensu ihun farko bai fita ba, cutar ta sami kwanaki tana yaɗuwa zuwa huhu ba mai tsayar da ita.

Bayan ihu sai sojojin jiki na sahun gaba su iso, wato fararen ƙwayoyin jini. Akwai masu haɗiye ƙwayar cuta da gawar ƙwayoyin da suka mutu, akwai masu bi suna kashe duk ƙwayar jikin da suka ga alamar an mamaye ta. Domin su samu hanyar fitowa daga jini, jijiyoyin hanci sukan buɗe su kumbura, ruwa ya riƙa tsattsafowa, kuma wannan kumburi ne ke toshe hanci, ba yawan majina ba, shi ya sa mutum zai yi ta fyacewa hancin bai buɗe ba. Wasu sinadaran da sojojin ke aika wa juna saƙo da su kuma sukan bi jini su isa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, su sa ya ɗaga ma'auninsa daga digiri 37 zuwa 38 ko 39. A lokacin ne mutum ke rawar sanyi yana neman bargo alhali jikinsa zafi rau, domin a ganin ƙwaƙwalwa bai kai zafin da take so ba tukuna. Zafin yana rage wa wasu ƙwayoyin cuta saurin hayayyafa, yana kuma ƙara wa sojojin hanzari. Ciwon gaɓoɓi da kasala da rashin son abinci su ma daga waɗannan sinadarai suke, kuma muna da hujja a hannu: a zamanin da ake yi wa masu ciwon hanta allurar intaferon, kusan kowannensu yakan dawo yana cewa ji yake kamar mura mai tsanani ta kama shi, alhali babu ƙwayar mura ko ɗaya a jikinsa.

Yanzu ga maganar koriyar majina, wadda ta ci kuɗin mutanenmu ba kaɗan ba. Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai masu suna niyutirofil, waɗanda suka fi kowa yawa, kuma a cikinsu akwai wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe wanda launinsa kore ne. A kwana na farko da na biyu majina ruwa ce tsararo. Zuwa kwana na uku ko na huɗu, bayan waɗannan ƙwayoyi sun taru sun yi aikinsu sun mutu, sai ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko koriya. Launin shaida ne cewa sojoji sun zo wurin, amma ba ya faɗa maka ko bairos suka yaƙa ko bakteriya. Abin da ke faruwa a gidaje irin naka shi ne, a kwana na huɗu ake sayo amoksisilin, a kwana na bakwai yaro ya warke kamar yadda da ma zai warke, sai maganin ya kwashe yabon da bai yi aikinsa ba. Ni kaina, a shekarun farkon aikina, na sha rubuta shi don kawai kada uwa ta fita daga ofis tana ganin likita bai yi mata komai ba, har ranar da aka dawo mini da wani yaro da na rubuta wa, mura tana nan yadda take, ga gudawa ta ƙaru a kai. Antibayotik yana kashe bakteriya masu amfani da ke hanjin yaro, yana kuma horar da masu cutarwa su saba da shi, ta yadda ranar da namoniya, wato ciwon huhu, ta gaske ta zo sai a tarar maganin ya dushe.

Duk abin da na bayyana zuwa nan martani ne na gama-gari, wanda ba ya bambance wannan bairos da waccan. Akwai mataki na biyu, mai jinkiri amma mai saiti. Tun a kwanakin farko wasu ƙwayoyi sukan tsinci ɓarɓashin bairos ɗin su ɗauke shi zuwa ƙullutun da ke wuya da ƙarƙashin haɓa, waɗanda idan sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito. A can akwai miliyoyin fararen ƙwayoyi iri biyu, da ake kira T da B, kowace an halicce ta da siffar da ta dace da abu ɗaya tak. Sai a yi ta gwadawa, kamar matar da ke neman murfin wata tukunya a cikin tarin murafai, har a dace da ƙalilan ɗin da suka hau daidai. Waɗannan ne za su shiga rabuwa biyu, huɗu, takwas, har su zama runduna, kuma wannan hayayyafa ce ke kumbura kaluluwa ta riƙa zafi. Rundunar T takan koma hanci da huhu ta kashe duk ƙwayar jikin da bairos ke ɓoye a ciki. Rundunar B kuma takan zuba sinadaran kariya da ake kira antibodi, masu manne wa bairos su hana ta shiga sabuwar ƙwaya. Aikin nan yakan ɗauki kwana 5 zuwa 10 idan jiki bai taɓa haɗuwa da cutar ba, kuma shi ne dalilin da ya sa mura ke yin kusan mako guda ko ɗan fiye, ko an sha magani ko ba a sha ba.

Idan an gama, yawancin rundunar takan mutu, amma a bar wasu a matsayin masu tuni, wasu a ɓargo suna ci gaba da zuba antibodi, wasu a bangon hanci da huhu suna gadi. In wannan bairos ɗin ta sake dawowa, abin da ya ci mako a karon farko sai a gama shi cikin kwana biyu ko uku. Allurar rigakafi ba wani abu take yi ba illa ta ba jiki wannan darasi ba tare da ya biya kuɗin makaranta da jinya ba.

To me ya sa ɗanka ke ta maimaitawa? Saboda abin da ya kama shi a watan jiya ba shi ne ya kama shi a wannan watan ba. Jikinsa ya haddace na farko, amma akwai sauran fiye da ɗari da bai gamu da su ba, kuma a ajin rainon yara kullum ana musayar su ta hannu da kofi da atishawa. Ƙaramin yaro mai cikakkiyar lafiya yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, babba kuma sau 2 zuwa 3, kuma bambancin nan tarin haddar da babban ya yi ne cikin shekaru. Kai ma, a matsayinka na malamin firamare, wataƙila ka lura cewa shekararka ta farko a aji ta fi kowace yawan mura. Yaron da muke zargin garkuwarsa ta yi rauni daban yake: ba ya ƙara nauyi, namoniya na kwantar da shi a kai a kai, kunnensa na zubar da ruwa ba ya tsayawa, bakinsa na yin farin fumfuna, gudawa ba ta barinsa. A irinsa muke neman tamowa, da sikila, da cutar ƙanjamau. Yaron da ke cin tuwonsa, yana girma, yana tashi daga mura ya koma guje-guje, ba ya cikin wannan sahu.

Infuluwenza tana da nata salon. Tana sauya kamannin kwansonta kaɗan-kaɗan kowace shekara, har murfin bara ya daina hawa daidai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, don tsayar da nau'in da za a sa a rigakafinta. Jefi-jefi kuma takan yi musayar kaya da 'yan'uwanta na tsuntsaye ko aladu ta fito da fuskar da babu wanda ya sani, kamar yadda ya faru a 1918, da 1957, da 1968, da 2009. Wannan ne ya sa hankalin ma'aikatan lafiya ya tashi lokacin da murar tsuntsaye ta H5N1 ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka.

Haɗari yana zuwa ne idan faɗan ya sauka daga hanci zuwa huhu. A ƙarshen bututun huhu akwai 'yan jakunkunan iska miliyan ɗari uku ko fiye, masu bango siriri ƙwarai, inda iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Kumburin da a hanci bai wuce toshewa ba, a nan yana nufin ruwa ya cika wurin da iska ya kamata ta zauna. A irin wannan hali garkuwar da ta makara a farko takan zo da wuce gona da iri, ta yi ɓarnar da ta fi ta cutar. An ga haka ƙarara a lokacin korona, inda mutane suka fi rikicewa a mako na biyu, bayan yawan bairos ɗin ya fara raguwa. A Yunin 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa deksametason, maganin da ke danne garkuwa, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin masu karɓar oksijin, amma bai amfani waɗanda ba su kai ga buƙatar oksijin ba. Na kawo wannan ne saboda deksa ya zama ruwan dare a kemis-kemis ɗinmu, ana haɗa shi a ƙullin maganin mura, wasu ma na sha don ƙiba. Wanda ya sha shi a kwanan farko na mura ya ji daɗin jikinsa, amma ya rufe bakin mai ihu da hannunsa.

Hanya ta biyu ta haɗari ita ce bakteriya su biyo baya. Infuluwenza musamman takan ƙwaƙule gasun da ke share hanyar iska, kuma kafin su tsiro, bakteriyar da da ma ke zaune lafiya a bayan hanci sai ta sami hanyar gangarawa huhu. Annobar 1918, wadda ta shigo Nijeriya ta tashar jiragen ruwa ta Legas a watan Satumba ta bi layin dogo zuwa Arewa, a 2008 an sake nazarin naman huhun wasu da ta kashe, aka tarar mafi yawansu namoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su. Alamar wannan a gida ita ce ciwo mai dawowa: yaro ya fara samun sauƙi a kwana na biyar, ya ci abinci, sai a kwana na bakwai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, numfashi ya sauya. A nan ne amoksisilin ke ceton rai, kuma a nan ne ya kamata a ajiye shi.

Saboda haka abin da nake so ka koya wa mai ɗakinka shi ne ƙidayar numfashi. Kwanakin baya wata mata ta zo daga wajen Dukku da jaririnta ɗan wata takwas, kukanta kawai shi ne ya ƙi kama nono. Hancinsa ma a bushe yake. Na ce ta ɗaga masa riga ta bar shi a cinyarta har ya yi shiru, na ajiye wayata ina kallon daƙiƙa, muka ƙirga tare: sau 64 cikin minti guda, kuma duk shaƙar da ya yi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki. A ranar aka kwantar da shi aka sa masa oksijin. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bi shi ne, jariri ƙasa da wata 2 idan ya kai numfashi 60 a minti, daga wata 2 zuwa 11 idan ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40, to numfashin ya yi sauri kuma a kai shi asibiti a ranar. Haka nan idan haƙarƙari na lotsawa, ko yaro ya kasa sha, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tayar da shi. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, duk zazzaɓin da ya yi na asibiti ne. Kuma tunda a ƙasar sauro muke, zazzaɓi ko da tare da majina ya zo, gwajin maleriya na minti goma sha biyar bai yi tsada ba.

Jarirai sun fi shiga wannan haɗari saboda bututunsu ƙanana ne, ɗan kumburi kaɗan ya ishe su, kuma littafin haddarsu fari ne fat. Abin da suke dogaro da shi aro ne daga uwa: antibodi da ke ratsa mahaifa a watanni ukun ƙarshe na ciki, da wani nau'in da ke cikin nono mai shafe maƙogwaro da hanji. Dakashi, nonon farko mai kauri da wasu gidaje har yanzu ke matsewa su zubar, shi ya fi kowane ɗauke da shi. Sai rigakafi na mako 6 da 10 da 14, wanda a cikinsa akwai na manyan bakteriyar namoniya guda biyu, da na ƙyanda a wata 9 da wata 15. Ƙyanda ta cancanci a ambace ta daban, domin ta hanyar numfashi take shiga, kuma ƙwayoyin tunin nan take kai wa hari. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna tana share tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da yaro ya tara, wato ta mayar da shi baya ya sake koyon cututtukan da ya riga ya wuce. Iyayenmu sun lura da haka tun tuni, shi ya sa suke cewa yaron da ya yi baƙon dauro yakan daɗe bai koma daidai ba.

Game da abin da za a yi wa mai mura a gida, kaɗan ne kuma mai araha. Ruwa da kunu da romo su wadata, domin majina ta yi laushi. Farasitamol idan zazzaɓi ya hana shi sukuni, daidai da nauyinsa, amma kada a ba yaro asfirin, saboda yana iya jawo wata mummunar cutar hanta da ƙwaƙwalwa idan ya haɗu da infuluwenza. Cokalin zuma kafin barci yana rage tari ga wanda ya haura shekara ɗaya. Ƙasa da haka ba a ba da zuma. Ɗigon ruwan gishiri a hanci yana taimaka wa jariri ya kama nono. Sirace ga babba ba laifi, amma na ga yara da yawa da tukunyar ruwan zafi ta kife musu a cinya. Cire belu wajen wanzami ba ya taɓa tushen tari, sai dai ya buɗe ciwo a wurin da ƙwayoyin cuta suke. Barci kuwa magani ne na gaske: a wani gwaji a Amurka da aka ɗiga wa mutane rainobairos a hanci da yardarsu, waɗanda ke barci ƙasa da awa 7 sun kamu kusan ninki uku na masu yin awa 8.

Na dawo kan Baba. Tsufa yana taɓa matakan biyu duka: ihun farko yakan makara, kuma gaɓar da ke horar da sababbin ƙwayoyin T, wadda ke bayan ƙashin ƙirji, tun daga balaga take ƙanƙancewa, don haka dattijo ya fi dogaro da tsohuwar hadda. Dattijo yana iya yin namoniya ba tare da zazzaɓi ba, sai dai a ga ya rikice, ko ya daina cin abinci, ko ya kasa zuwa masallacin da ya saba takawa ba tare da haki ba. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, mai yiwuwa tarinsa ragowar mura ne. Bayan bairos ta tafi, bangon hanyar iska yakan zauna a saɓule, jijiyoyin tari a fili, ƙura kaɗan ko iskar asuba ta isa ta tayar da su, kuma gyaran yakan ci mako uku, wani lokaci har takwas. Irinsa ne tarin da alhazai ke dawowa da shi daga Makka. Amma ƙa'idar da muke bi ita ce duk tarin da ya kai mako biyu sai an gwada kaki don tarin fuka, musamman in akwai rama, ko gumin dare, ko jini a kaki. Gwajin da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma akwai su a cikin garin Gombe da ƙananan hukumomi. Ka kai shi cikin makon nan, a saurari ƙirjinsa, a auna oksijin a yatsarsa, a duba sukari. Ka kuma tafi da duk magungunan da yake sha a leda, domin wasu magungunan hawan jini, irin su lisinofiril, suna sa busasshen tari da ba ya jin komai sai an canza su.